Ya Gama Makaranta, Sai Kuma Ina?

Ya kai ɗan'uwa mai jefa ƙuri'a, kafin ka ninke wannan takarda ka sa aljihu, ina so ka tuna da wani gida a unguwarku. Ka san gidan, ba sai na faɗa maka ba. Gidan nan ne mai yaro kurma, ko yarinya makauniya, ko saurayin da shan inna ya kama ƙafafunsa tun yana goye. Iyayensa sun yi ta maza, sun ƙi miƙa masa ƙoƙon bara, sun kai shi makaranta. Shekara goma sha biyu ana kai shi ana ɗauko shi, rani da damina. Ga shi yau ya gama sakandare, ya dawo gida da takardar shaida cikin leda. To, sai kuma ina?

Muddin yaron nan yana makaranta akwai mai lissafinsa. Hedimasta ya san sunansa, malamai sun san abin da ya iya. Ran da ya fita ƙofar makaranta sunansa ya fita daga littafin Ma'aikatar Ilmi, bai kuwa shiga littafin kowa ba. Uban ya je ofishin jin daɗin jama'a, a ce babu kuɗi. Ya je Ƙaramar Hukuma, a ce ya dawo bayan salla. Shekara ɗaya, shekara biyu, saurayi na zaune a zaure yana kallon sa'o'insa suna wucewa kasuwa. Daga nan kuma ka san inda hanya ta nufa: bakin titi da ƙofar masallaci ran Juma'a. Watau abin da aka yi shekaru ana gudu shi aka komo wa.

Kada wani ya ce maka ƙasar nan ba ta san da matsalar ba. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta sa ilmin nakasassu cikin Manufar Ilmi ta Ƙasa, a shekarar nan kuma aka kafa kwalejin horon malamansu a Oyo. Kano na da makarantar Tudun Maliki. Tun 2017 hukumar JAMB ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta hanyar da za su iya. Duk wannan ƙoƙari ne, ba mu raina ba. Amma ka lura, kusan duka a kan makaranta ya tsaya. An gina tsani, an manta da soron da za a hau.

Doka ma akwai ta. A watan Janairu na 1919 ba a yi ta ba, ba kuma zamanin Turawa ba. Jiya-jiyan nan ne, cikin Janairun 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Ta ce ilmi kyauta ne gare su har ƙarshen sakandare. Ta ce mutumin da ya nuna musu bambanci a ci shi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuwa Naira miliyan ɗaya. Ta hana a riƙa yawon bara da su. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen hukuma yadda mai keke zai shiga, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. A 2020 aka kafa musu hukuma tasu a Abuja, jihohi da dama kuma suka yi tasu dokar.

Babban abin da ya shafi saurayinmu na zaure shi ne inda dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki domin nakasassu. Sai dai an liƙa wata 'yar kalma a wurin, watau wai a yi hakan gwargwadon iko. Ta wannan ƙofa ake zurarewa. Je ka sakatariyar Ƙaramar Hukumarku ka ƙidaya ma'aikata da idonka, ka kuma ƙidaya matakalar da ke bakin ofishin ciyaman. Gani ya kori ji.

Su kuwa mutanen nan, in an ba su dama, ba su ba da kunya. A wasannin Faris na 2024 'yan wasanmu masu ƙafa da hannu lafiya lau suka dawo hannu rabbana, nakasassunmu suka dawo da lambobi 7, biyu na zinariya. A Kano guragu ne da kansu ke walda suna ƙera kekunan da 'yan'uwansu ke hawa. Yanzu ana ce musu masu buƙata ta musamman, suna ne mai daɗi, amma suna ba ya sa tukunya a wuta.

Abin da nake gani ya wajaba a kan gwamnati ba wani abu ne mai wuya ba. Tun yaro na aji huɗu na sakandare a zauna da shi da iyayensa da malaminsa a san inda ya dosa, ko jami'a, ko sana'a, ko aikin ofis. Kafin ya fita, makaranta ta miƙa sunansa hannu da hannu ga wani jami'i a Ƙaramar Hukuma, mutum guda mai suna da ofis, wanda za a kama in yaro ya ɓace a hanya. In ɗinki ko gyaran waya zai koya, gwamnati ta biya ubangidan da zai koya masa, ta kuma sa tafinta mai maganar hannu in kurma ne, don oga ba zai bar aikinsa ya tsaya kwatance ba. In ya ƙware a ba shi kayan aiki da rumfa a kasuwa, a ƙasa ba a bene ba. Rabon keken ɗinki a gaban 'yan jarida ga wanda bai taɓa taka keke ba, wannan mun gani mun gaji. Kafin sati keken ya koma kasuwa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba, waɗanda ƙwaƙwalwarsu ba ta kai ta sa'o'insu ba, ba za su taɓa tsayuwa su kaɗai ba. Ka tambayi uwar irin wannan yarinya abin da ke hana ta barci. Ba abinci ba ne. Cewa za ta yi, in na mutu wa zai riƙe ta, wa zai tsare ta daga 'yan iskan gari? Irin wannan gida yana bukatar ɗan alawus na wata-wata da ke zuwa kan lokaci, da wurin yini inda za a kula da yarinyar uwar ta samu ta nemi abin sawa a baka.

Ga zaɓe ya ƙarato, 'yan takara za su zo har ƙofar gida. Za su je gaisuwa wurin Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da buhun shinkafa, don sun san ƙuri'ar makaho ɗaya take da ta attajiri. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ku karɓi gaisuwa, sa'an nan ku tambaye shi a gaban jama'a: nakasassu nawa zai ɗauka aiki a shekarar farko, nawa zai sa a kasafin kuɗi, wane ofis za a je? Wanda ya hau kame-kame kun san matsayinsa.

Ran zaɓe kuma kada ku bar saurayin nan a zaure. In ya kai shekara 18 yana da katinsa, dokar zaɓe ta yarda makaho ya zo da wanda ya amince da shi ya taimaka masa, ba kuma sai nakasasshe ya bi dogon layi ba. Ku tura kekensa ku kai shi rumfa da sassafe.