Kafin Ka Sa wa Karenka Suna

A ƙasar Katagum ba mu saba ganin mutum ya zauna yana shawarar sunan da zai sa wa kare ba. Amma abin ya fara shigowa, musamman tsakanin samarin Azare da ke dawowa daga Abuja da Legas da 'yan kwikwiyo a kwali. Ni a ganina shawarar ta cancanta, domin ba kare kaɗai ke jin sunansa ba. Unguwa gaba ɗaya ke ji, safe da yamma.

Ɗan ƙanwata ya samo kwikwiyo irin wanda ake kira Basenji: ja ne mai farin ƙirji da fararen ƙafafu, kunnuwa a tsaye, goshi a tattare, wutsiya a naɗe a kan gadon baya. Ya zo mini da waya a hannu yana karanto Bingo da Jack da Tiger. Da ya ga ban ce komai ba sai ya ce, "Kawu, ko in sa masa Zaki? Ai wannan na Hausa ne." Nan take na ce masa a'a.

A wani garin wataƙila sunan ya wuce ba wanda ya ɗaga kai. Ban da nan. Malam Ibrahim Zaki ne ya karɓo tuta a zamanin jihadin Shehu Usmanu ya kafa Katagum, kuma danginsa ke riƙe da sarauta har bayan da fada ta dawo Azare a 1916. Muna da ƙaramar hukuma sukutum mai suna Zaki, da wannan kalmar kuma ake gaida sarki. To yaya za a yi yaro ya tsaya a ƙofar gida yana daka tsawa, "Zaki, fita nan!" alhali dattawa na zaune a dakali? Ko bai yi nufin komai ba, mai ji ba zuciyarsa yake gani ba.

Wanda yake ganin na zurfafa ya tuna abin da ya faru a Sango Ota ta jihar Ogun a watan Agustan 2016. Wani ɗan kasuwa ya sa wa karensa Buhari, ya rubuta sunan a jikinsa, yana yawo da shi a unguwar da Hausawa ke zaune. Wani maƙwabci da mahaifinsa ke da wannan sunan ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama mutumin, aka gurfanar da shi bisa zargin yin abin da zai iya tada zaune tsaye. Sai a 2017 kotu ta kori ƙarar. Ban goyi bayan a tsare mutum saboda sunan dabba ba, amma duk wannan wahala da kalma ɗaya ce ta jawo ta. Don haka sunan mutum, kowane ne, da sunan ƙabila, da duk abin da ya shafi addini ko sarauta, a nisanta kare da su.

Mafarautanmu sun daɗe da sanin haka. Ina yaro, idan rani ya yi aka buga gangar farauta a ƙauyukan wajen Madara da Chinade, mukan bi ayari mu ga kowane mutum da gorarsa a kafaɗa da karnukansa a gaba. Sunayen da nake ji suna kira daga jikin karen suke fitowa ko daga halinsa: Duna ga baƙi wuluk, Guguwa ga mai gudu, Gagarau ga wanda ba ya sakin abin da ya kama. Gajeru ne, masu daɗin ƙwalawa daga nesa, kare na tsakiyar bin zomo ya ji ya juyo. Akwai kuma masu sa sunan habaici irin su Bar-su ko Ina-ruwanka, don su riƙa jifan maƙwabci da magana duk lokacin da suka kira kare. Wannan ɓangaren al'adar ban so a raya shi ba. Na ga gidaje biyu da suka daina gaisawa a kansa.

Shi Basenji ma ɗan Afirka ne, bai buƙatar a aro masa suna daga Turai. Asalinsa dazukan ƙasar Kwango ne, inda mafarauta ke kora namun daji da shi zuwa cikin raga. Ba ya haushi irin na sauran karnuka, sai wani kuka mai kama da guɗa, shi ya sa masu shi a can suke rataya masa ƙararrawar itace a wuya don su san inda ya shiga. Sai a shekarun 1930 Turawa suka iya kiwonsa a Ingila, daga nan ya kai Amurka, yanzu kuma ya dawo mana da takarda da tsada. Ka tsaya ka dubi karnukan mafarautan Gamawa ko Shira, siraran nan masu tsayayyun kunnuwa, za ka ga kamannin ba su da nisa. Wanda ya saye shi don gadi ya sani tun yanzu: ba zai tashe shi daga barci da haushi ba. Yana kuma da taurin kai, saboda haka dogon suna mai gaɓa huɗu ɓata baki ne.

Na san wani zai ce, kare ma har da suna? Alƙur'ani ya ambaci karen As'habul Kahfi, wasu malaman tafsiri ma sun kawo sunansa, Ƙiɗmir. Shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma da kira ake horar da shi. Na gaya wa ɗan nawa ya yi masa wuri a bayan gida, ya ware masa kwanonsa, ya kuma haɗa shi da masu farauta ya koyi aikin da aka san shi da shi. A ƙarshe Shiru ya sa masa, sunan ya kuma zauna.

Abin da ya fi damuna shi ne, ranar da ka sa wa kare suna ka shaida wa jama'a cewa naka ne, duk abin da ya yi kuma kai za a nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, yara kuma na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Alhali a nan ƙasar, a Vom ta jihar Filato, ake sarrafa allurar rigakafin karnuka.

Samarin Azare, ku zaɓi suna gajere na harshenmu wanda ba zai taɓa mutuncin kowa ba. Sannan idan kwikwiyon ya kai wata uku ku kai shi asibitin dabbobi a yi masa allura, a rubuta sunansa da naku a kati, ku kuma riƙa sabunta ta duk shekara.