Tseren keke a Ruwanda: a yi reno kafin a yi biki

A watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a Afirka. Mu ma'aikatan radiyo mun ba da labarin da murna. Amma ranar babban tseren maza, mai kilomita sama da 260, mutum 30 kacal suka kai ƙarshe, kuma babu ɗan Ruwanda ko ɗaya cikinsu. Mai gida ya yi girki, baƙi sun cinye. Wannan ya sa muka koma tarihin ƙungiyar Team Rwanda, domin akwai abin da ɗan kasuwa zai gane a ciki fiye da kowa.

Abin ya faro ne daga dakon kaya. A 2005 wani Ba'amurke maƙerin kekuna, Tom Ritchey, ya ziyarci Ruwanda, ya tarar manoma na tura buhunan gahawa bisa keken katako a kan tuddai. Sai ya ƙera musu keke mai dogon baya wanda ke ɗaukar kaya masu nauyi. A 2006 aka shirya tsere don a ga ƙarfin samarin ƙasar, a 2007 kuma aka kafa ƙungiya da samari biyar. Mai horar da su shi ne Jonathan Boyer, Ba'amurke na farko da ya taɓa shiga gasar Tour de France, a 1981.

Cikin biyar ɗin akwai Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa ƴan uwansa maza shida a kisan ƙare dangi na 1994. Samari da dama da suka shiga ƙungiyar, da haya da keke suke cin abinci kafin nan, kamar yadda namu ke yi da kabu-kabu.

Me aka ba su? Abin da uban gida nagari ke ba yaron shagonsa. Abinci mai kyau kullum, wurin kwana, ɗan albashi ƙarshen wata, keke mai lafiya da mai gyaransa, da koyon Turanci don kada a cuce su idan sun fita waje. Sauran aikin maimaici ne, yau hawan tudu, gobe hawan tudu. Ƙungiyar reno ke nan: ba a kafa ta don ta ci kofi bana, ana kafa ta don ta fitar da yaron da manyan ƙungiyoyi za su ɗauka.

Ku lissafa lokacin da riba ta ɗauka. A 2009 Niyonshuti ya samu aiki da wata ƙungiya ta Afirka ta Kudu, a 2012 ya riƙe tutar ƙasarsa a wasannin Olimpik na Landan. Gasar zagayen Ruwanda kuwa, tun da ta zama ta ƙasa da ƙasa a 2009 baƙi ke ɗauke ta, sai a 2014 Valens Ndayisenga ya ci. Shekara bakwai ke nan da kafa ƙungiya. A shekarar kuma aka buɗe musu cibiyar horo a garin Musanze. Daga nan ƴan gida suka riƙe gasar sau biyar a jere, har 2018. Mata ma ba a bar su baya ba: Jeanne d'Arc Girubuntu ta shiga gasar duniya ta 2015 a Amurka.

To ina aka kwana? Tun 2015 ƴan wasan sun taɓa barin sansani kan batun kuɗɗinsu. A 2017 waɗanda suka kafa ƙungiyar suka miƙa ragama ga hukumar kekuna ta ƙasar. A 2019 aka ɗaga darajar gasar, manyan ƙungiyoyin waje suka shigo, kuma daga wannan shekara har 2025 ba ɗan Ruwanda da ya sake cin ta. Gaskiya ne hamayya ta ƙaru. Amma ƴan Eritiriya sun ci ta sau huɗu cikin shekarun nan, su ma ƴan Afirka ne. A ganinmu biki ya girma da sauri, reno bai bi shi ba.

Mun san wani zai ce: mu da ke fama da tsadar hatsi, ina ruwanmu da tseren keke? Ruwanmu shi ne mu ma haka muke da wasanninmu. Ranar kokowar takobi kowa na son a kira sunansa a lasifika, Alhaji wane ya ba da jikka kaza, Hajiya wance ta ba da atamfa. Bayan an watse, wa ke tambayar abin da yaron da ya faɗi a zagayen farko zai ci, ko wa zai biya masa magani idan ya gurɗe? Mu kanmu masu radiyo muna da laifi, don mai kyautar rana guda muke yi wa kirari.

Ku kuwa kun san yadda ake yin ɗan kasuwa. Yaro ya yi shekaru yana shara, yana awo, yana koyon lissafi da haƙuri da mai saye, sannan a sallame shi da jari. Ba wanda ke buɗe wa yaro kanti ranar da ya zo. Shawararmu ke nan: wanda Allah ya hore wa, yake son taimaka wa wasa, keke ne ko kokowa ko ƙwallo, ya rage rabin kyautar ranar biki ya mayar da ita abin wata-wata ga yara biyar na unguwarsu, mata a ciki, ya kuma yi alƙawarin shekaru. Mu kuma mun ɗauki namu alƙawarin: irin wannan sunan za mu riƙa kira a radiyo. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.