ASALIN HALITTA DA ABIN DA KE ƘASAN TEKU: SHIN TAMBAYA LAIFI CE?



Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ƙagi halitta ba tare da wani samfuri da ya gabata ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Akwai tambayoyi guda biyu da na lura ba sa barin zukatan matasanmu su huta, ko a ajin Islamiyya ko a saƙonnin da ake aiko mini. Ta farko ita ce: ta yaya sammai da ƙasa suka fara? Ta biyu kuwa: wai me ke rayuwa a can ƙasan teku inda ido bai taɓa kaiwa ba? Abin da ke damuna shi ne irin amsar da matashi ke samu idan ya tambaya. Wani zai daka masa tsawa, ya ce wannan shisshigi ne cikin lamarin Ubangiji. Wani kuma zai cika masa waya da labaran da ba su da tushe, da sunan ƙarfafa masa imani. A ganina duka biyun cutarwa ne, kuma na biyun ya fi na farkon haɗari, domin shi yana zuwa ne sanye da rigar addini.

Magabata ma sun tambaya

Wanda ke ganin tambaya a kan asalin halitta rashin ladabi ne, ya buɗe Sahihul Bukhari, zai tarar da babi guda a kan farkon halitta. A ciki akwai hadisin Imrana ɗan Husaini (RA), cewa mutanen Yaman sun zo wurin Manzon Allah (SAW) suna neman fahimtar addini, suka kuma tambaye shi yadda wannan al'amari ya fara. Bai tsawata musu ba. Ya ba su amsa, ya sanar da su cewa Allah ya kasance alhali babu wani abu tare da shi, sannan ya yi musu bayanin Al'arshi da rubuta ƙaddara da halittar sammai da ƙasa. Ana cikin haka aka ce wa Imrana taguwarsa ta kwance, ya tashi ya bi ta, daga baya ya riƙa cewa ina ma ya ƙyale ta ta tafi, ya zauna ya ji ƙarshen bayanin. Dubi wannan kwaɗayi na sani, ɗan uwa mai karatu.

A ɓangaren teku kuma akwai hadisin Jabir (RA) a kan rundunar mutum 300 da aka tura gaɓar teku ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah (RA). Guzuri ya ƙare har suka koma cin ganye, sai teku ta jefo musu wata ƙatuwar dabba da Larabawa ke kira Anbar, suka yi kwanaki masu yawa suna ci. Abin da ya fi jan hankalina a ƙissar shi ne Abu Ubaida bai tsaya ga ci kawai ba. Ya sa an kafa ƙashin haƙarƙarinta, aka sa mahayin raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi bai taɓa shi ba, a ruwayar Muslim kuma ya zaunar da mutum 13 a ramin idonta. Wannan ai awo ne da gwaji. Da suka koma Madina suka ba da labari, Manzon Allah (SAW) har ya nemi a sam masa naman.

Alƙur'ani kansa, a aya ta 20 ta Suratul Ankabut, ya umarce mu da tafiya a bayan ƙasa don duba yadda aka fari halitta. To wa ya isa ya haramta abin da Allah ya yi umarni da shi?

Abin da masu bincike suka gano a sama

Har zuwa farkon ƙarni na 20, galibin masana kimiyyar Turai sun ɗauka sararin samaniya a tsaye yake cik, ba shi da farko. A 1917 Albert Einstein sai da ya ƙara wani adadi a lissafinsa don kawai ya sa sararin ya tsaya. A 1927 wani limamin Katolika ɗan Beljiyam, Georges Lemaitre, wanda kuma gwani ne a lissafi, ya nuna cewa sararin buɗewa yake yi. A 1929 Edwin Hubble, da na'urar hangen nesa ta Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya nuna cewa gungun taurari suna nisantar mu, kuma wanda ya fi nisa ya fi gudu. Idan abu yana buɗewa yau, ke nan jiya ya fi haka matsewa. Daga nan aka sami ra'ayin da ake kira Babbar Fashewa, sunan da Fred Hoyle ya laƙaba masa a gidan rediyon BBC a 1949, alhali shi kansa bai yarda da ra'ayin ba.

Hujjar da ta rinjayi mafi yawan masana ta zo ne a 1965, lokacin da Arno Penzias da Robert Wilson suka bayyana wani shuuu da eriyarsu ke kamawa daga kowace kusurwa ta sama. Da farko har kashin tattabarun da suka yi sheƙa a cikin eriyar suka zarga, suka share, amma ƙarar ba ta tafi ba. Ashe ragowar zafin farkon sararin ne. A yau ƙiyasin masana shi ne shekara biliyan 13.8 ke nan da farawar wannan buɗewa.

Sai dai kuma akwai iyaka, kuma masanan da kansu suna faɗar ta. Lissafinsu yana rushewa idan aka matso daf da lokacin farko. Duk abin da muke gani, daga taurari har jikinmu, bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke sararin ba. Ragowar sun ba shi sunaye, amma ba su san haƙiƙaninsa ba. Kimiyya tana bayanin yadda abu ya gudana. Wa ya samar da shi, kuma don me, wannan ba aikin na'ura ba ne. Aya ta 51 ta Suratul Kahfi tana tunatar da mu cewa ba a kira wani mahaluki ya halarci halittar sammai da ƙasa ba.

Duniyar da ke ƙarƙashin ruwa

Teku ta rufe kimanin kashi 71 cikin 100 na doron ƙasa, matsakaicin zurfinta kuwa ya kai mita 3,700. Hasken da tsirrai ke iya rayuwa da shi ba ya wuce mita 200, daga mita 1,000 kuma babu sauran hasken rana ko kaɗan. Wuri mafi zurfi yana Kwazazzabon Mariyana a Tekun Fasifik, kusan mita 11,000, inda nauyin ruwa ya ninka na iskar da ke kanmu fiye da sau 1,000. Mutum biyu, Jacques Piccard da Don Walsh, su suka fara isa can a watan Janairun 1960.

An daɗe ana koyar da cewa duk wani mai rai abincinsa yana komawa ne ga hasken rana. A 1977 ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin ya nutsa kimanin mita 2,500 kusa da tsibiran Galafagos, ya tarar da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi a ƙasan teku, kewaye da halittu jingim. Daga cikinsu akwai tsutsotsi masu tsawon mita 2, ba su da baki ba su da hanji. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke zaune a jikinsu, suna sarrafa sinadarin farar wuta da ke fitowa daga maɓuɓɓugan, suna ciyar da su. Ya kai matashin da tsoron talauci ya hana barci, tsaya ka yi tunani: halitta ba baki, cikin duhu, kuma arzikinta yana isa gare ta kullum. Wannan ba ya nufin ka zauna ka naɗe hannu, amma ya isa ya sanyaya zuciya.

A 2022 an ɗauki hoton kifi yana iyo a zurfin mita 8,336 kusa da Japan. Har zuwa 2024, kimanin kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai na ƙasan teku aka zana taswirarsa dalla-dalla. Wato ɗan Adam da ya taka wata bai gama sanin ƙasan ruwan gidansu ba.

Kada kuma wanda ke zaune nesa da gaɓa ya ce ina ruwansa da teku. Miliyoyin shekaru da suka wuce, wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take a yau har ya shafe yankin Sakkwato. An tono ƙasusuwan wata dabbar teku mai kama da ƙaton kada a can, aka sa mata suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi, a ƙasan wancan ruwa ya taru. Tun a ƙarni na 11 malamin Musulunci Albiruni ya yi irin wannan nazari, ya ce hamadar Larabawa da can teku ce, hujjarsa kuwa ɓawon dodon-koɗi da makamantansa da ake samu idan ana haƙa rijiya. Babu wanda ya ce ya fita daga addini don ya duba ya auna.

Inda ƙafa ke zamewa

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara da shekaru ana yaɗa cewa Jacques Cousteau, Bafaranshen nan mai binciken teku, ya musulunta bayan ya ga shamaki tsakanin tekuna biyu. Gidauniyarsa ta ƙaryata wannan a rubuce a 1991, da ya mutu a 1997 kuma a majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris aka yi masa addu'ar jana'iza. Haka ake cewa Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata, labarin da shi da gwamnatin Amurka suka musanta tun 1983. Akwai kuma bidiyon ruwa kala biyu da ake cewa mahaɗar Atilantika da Fasifik ce, ba sa gauraya har abada. Mafi shaharar wannan hoto a mashigin tekun Alaska aka ɗauke shi, ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne mai ɗauke da laka ya haɗu da ruwan teku, kuma a hankali suna gauraya.

Wani zai ce to mene ne laifi, tunda niyyar mai turawa alheri ce? Laifin shi ne ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaron da aka gina wa imani a kan musuluntar Cousteau, ranar da ya shiga jami'a ko ya bincika intanet ya gano ƙarya ce, ba labarin kaɗai zai jefar ba. Zai fara tambayar kansa me kuma aka faɗa masa wanda ba gaskiya ba. Da hannunmu muka miƙa wa masu sukar addini makami. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat da aya ta 36 ta Suratul Isra'i sun wajabta mana tantance labari da barin bin abin da ba mu da ilimi a kai, kuma ba su ware labarin da ya yi mana daɗi ba.

Zamewa ta biyu ta fi wannan laushi, ita ce ɗaure aya da igiyar wani ra'ayin kimiyya, a ce ma'anarta ke nan babu wata. Ɗauki aya ta 30 ta Suratul Anbiya, wadda ake yawan cewa ita ce Babbar Fashewa. Malaman tafsiri sun kawo maganganu fiye da ɗaya a kanta: wasu sun ce sama da ƙasa a haɗe suke aka raba su, wasu sun ce sama ba ta zubar da ruwa, ƙasa ba ta fitar da tsiro, sai aka buɗe su da ruwa da tsiro, kuma wannan na biyun shi Imamuɗ Ɗabari ya rinjayar. Ba laifi mutum ya ce lafazin ayar yana iya ɗaukar abin da aka gano a yau. Laifin shi ne yankewa. Ka ƙaddara wani ya ɗaure Alƙur'ani da kimiyyar 1917, wadda ta ce sarari a tsaye yake: ina zai sa kansa a 1929? Lemaitre da kansa ya fahimci wannan. Da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana nuna binciken ya tabbatar da labarin halitta, Lemaitre bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa su ta wannan hanya. Mu da muke da Littafin da ɓarna ba ta kusantarsa mun fi cancantar wannan taka-tsantsan. Imamul Gazali ya yi wa masu falsafa raddi a kan da'awarsu cewa duniya ba ta da farko fiye da shekara 800 kafin Hubble, kuma bai jira na'urar hangen nesa ba kafin ya sami yaƙini.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan uwana matasa ita ce ku ci gaba da tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Amma ku kai kowace tambaya gidanta: ma'anar aya a wurin malaman tafsiri, zurfin teku da shekarun taurari a wurin masu awon su. Kafin ka tura labari a WhatsApp ko Facebook, tambayi kanka wa ya faɗa, a ina, yaushe. Al'ummar da ta ƙirƙiro ilimin isnadi don tantance magana bai kamata ta zama kasuwar jita-jita ba. Wanda Allah ya ba basirar lissafi ko nazarin halittu ya karanta su da gaske, da niyyar ibada, domin muna buƙatar masu binciken da za su gano abu da kansu, ba masu jiran wani ya gano su ce dama muna da shi ba.

Ga 'yan uwana malamai da iyaye kuma, idan yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfinmu, tsawa ba amsa ba ce. Mu haɗa shi da wanda ya sani, mu zauna mu saurara tare da shi. Yaron da aka kora daga zauren malam da tambayarsa a baki zai kai ta wani zauren, kuma ba mu ne za mu zaɓa masa wanda zai amsa ba.

Allah ya sanya mu cikin masu tunani a kan halittarsa, ya tsare harsunanmu da yatsunmu daga yaɗa ƙarya, ya ƙara mana ilimi mai amfani. Allah ne mafi sani.