Kukan Zomo Da Wayon Dila

A wannan mako filinmu zai leƙa daji ne, saboda wata irin farauta da ake yi a Amurka, wadda hotunanta suke yawo a wayoyin samarinmu, har mai kallo ya ga kamar an sami maganin ɓarayin kaji da 'yan awaki.

Akwai wata dabba a can ana ce da ita koyoti, kamanninta da halinta duk na dilanmu ne, sai dai ta ɗan fi shi girma. Maharbi yakan fita da asuba ko da almuru, ya ɓuya a inda iska ba za ta kai mata warinsa ba, sa'an nan ya busa wani ɗan usur wanda yake fid da kuka irin na zomon da aka kama. Wasu kuma na'ura suke ajiyewa can gefe, tana ta kukan da kanta. Dabbar tana ji sai ta sheƙo da gudu, tana tsammanin ta tsinci dami a kala, ashe ajali ne yake kira.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun kaka da kakanni maharbin Hausa yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya yafa baƙin zane, ya sunkuya yana tafiya yana kiwo kamar tsuntsun, har ya kusanci barewa ba ta ankara ba. Maharban kurmi kuwa sukan toshe hanci su kwaikwayi kukan gada, ita da kanta ta kawo kanta. Amma fa burtu sai wanda ya sha wahalar koyo a hannun manya, ya san lokacin shiga daji, ya san umurnin Sarkin Baka. Na'ura kuwa ba ta neman ko ɗaya daga cikin waɗannan, kowane yaro mai waya da bindiga ya zama maharbi ke nan.

To, abin tambaya shi ne, kashe dila barkatai yana tsare dabbobin gida? Amurka ta ba mu amsa. Cikin 1931 majalisarsu ta yi dokar da ta ba gwamnati ikon kawar da namun daji masu yi wa makiyaya ɓarna. Aka bi koyoti da tarko da harbi da guba, har sai da Shugaba Richard Nixon ya hana sa guba a filayen gwamnati cikin 1972. Jihar Yuta ta sa ladan dala 50 a kan kowane guda cikin 2012. Cikin 2021 kaɗai ma'aikatan gwamnatin tarayyarsu sun kashe fiye da 60,000, ban da na maharba. Duk da haka dabbar da a dā ba ta wuce filayen tsakiya da yammacin ƙasar ba, yau ta watsu a jihohi 49, Hawayi ce kaɗai ba ta kai ba. Cikin 1999 har tsakiyar birnin Niyok aka kama ɗaya.

Dalili kuwa a fili yake. Idan an rage yawansu a wani daji, abinci yakan wadaci waɗanda suka saura, mata da yawa su haihu, 'ya'ya da yawa su rayu, baƙi kuma su shigo su cike gurbi. Wasu masana biyu a Kalifoniya, Connolly da Longhurst, sun yi lissafi cikin 1975, suka ga cewa sai an riƙa kashe kashi 75 cikin 100 kowace shekara har sama da shekara 50 kafin a ga bayansu. Daɗin daɗawa, an ƙarar da kyarkeci wanda shi ne yake taka musu birki, sai suka sami sarari suka miƙe ƙafa.

Mu dawo gida. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe cikin 1996, gari yake ta cin gonaki da dajin da suke kewaye da shi. A unguwa irin Nasarawo, inda magidanta da yawa suke kiwon tumaki da awaki da kaji, abin da aka yi wa asara da dare ciwo ne sosai, ba mai musun wannan. Sai dai kukan zomon ƙarya ba ya tantance mai laifi. Dila zai zo, yanyawa za ta zo, karen maƙwabci ma zai zo. Harbi cikin duhu kusa da gidajen mutane kuwa, kowa ya san abin da yakan haifar.

Har wa yau, malamin daji yana yi mana wani aiki ba lada. Yana cin ɓeraye da gafiya, yana share mushe. Ɓera kuwa shi ne mai ɗauke da zazzaɓin Lasa, cutar da aka fara ganewa a garin Lasa na Borno cikin 1969, wadda maƙwabtanmu Bauchi da Taraba suke cikin jihohin da ta fi addaba. Wanda ya ƙarar da mai cin ɓera, ya yi wa rumbunsa da iyalinsa ɓarna da hannunsa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Saboda haka shawararmu ga mai kiwo ita ce ya ɗaga shingen garkensa, ya shigar da ƙananan dabbobi kafin magariba, ya binne mushe da zurfi, ya riƙe kare mai tsaro. Idan wata dabba guda ta ɗanɗana ta maimaita, a kai magana ga Sarkin Baka da ma'aikatan gandun daji, a bi ita kaɗai. Muna kuma roƙon shugabannin maharba su ja kunnen yaransu tun abin bai zama yayi ba, hukuma kuma ta riƙa bayyana wa jama'a dokokin farauta da harshen da suke ji. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da dajinmu, amin. Sai mako mai zuwa.