Rago na cin harawa, mai ciki na tuƙar kara

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai wata ɗabi'a da muke gani a gidajenmu, daga Maradi har Damagaram da Tawa. Ragon turka yana ɗaure a inuwa, gabansa harawa da dusa. Akuya da tunkiya masu ciki kuwa an sake su cikin gona su nemi busasshen kara. A ganinmu wannan lissafi bai yi daidai ba. In mun san abin da ke gudana cikin mahaifar bisa, za mu sake shawara.

Cikin akuya da na tunkiya wata 5 ne, wato wajen kwana 150. Na saniya wata 9 da ƴan kwanaki, na jaka shekara guda, na raƙuma wajen wata 13. Mu ɗauki akuya, tunda ita ce kusan kowace mace ke da ita.

A watan farko bayan barbara, ɗan tayi bai wuce ƙwayar wake ba, amma zuciyarsa ta soma bugawa. A wata na 2 ana gane kai da ƙafafu, kayan ciki sun kankama. Lokacin nan ne ya fi rauni. Wasu magungunan tsutsar ciki, in an ba uwa a farkon ciki, suna iya nakasa shi. Shi ya sa bai kamata a ɗura wa mai ciki maganin kasuwa ba sai an tambayi malamin dabbobi.

A wata na 3 mabiyiya ke cika girma. Ta nan ne abincin da ke cikin jinin uwa yake ratsawa, ya bi cibiya ya isa ga ɗa. Ɗan tayi ba shi da wani akushi sai wannan.

Babban aiki yana wata na 4 da na 5. Wajen kashi 7 cikin 10 na nauyin da za a haife shi da shi, a cikin makonni 6 zuwa 8 na ƙarshe yake yin sa. A lokacin kuma hantsa ke cika, tana shirya dakashi, nonon farko da ke kare jariri daga cututtuka. Ga wata matsala: da ɗa ya girma sai ya matse tumbin uwa, ba ta iya cin abinci mai yawa. Kaɗan ɗin da za ta ci dole ya zama mai ƙarfi. Jar akuyar Maradi, wadda ta saba haihuwar tagwaye, baki uku take ciyarwa da tumbi guda.

To, akuyar da ta ɗauki ciki da sanyi, ƙarshen cikinta bazara yake faɗawa, sa'ad da daji ya bushe ƙarau. In ba ta samu ba, jikinta take narkarwa ta ba ɗa. Daga nan sai ɓari, ko ta haifi ɗan da ba ya iya tsayawa ya sha nono, ko ita kanta ta kwanta ta ƙi ci har ta mutu. Sai mu ce ƙaddara ce, alhali yunwa ce.

Wani zai ce rago shi ke kawo kuɗi da sallar layya. Gaskiya ne. Amma rago sau ɗaya ake sayar da shi, kuma ragon baɗi yana cikin tunkiyar da muka bari da yunwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba mu ce a hana rago ba, a raba dai. Tun da kaka mu ɗora harawa da ganyen gyaɗa a bisa rumfa, mu ware rabon masu ciki. In saura wata 2 su haihu, a ba kowace dusa cikin tafi biyu safe da marece, da ɗan damin harawa. Mai hali ya ƙara angurya kaɗan. Yara su tsinto ƴaƴan gawo, ba a sayen su a daji. A ajiye musu gishirin lasa da ruwa mai tsabta. A daina dukansu, a daina kora su da gudu, kuma a ciyar da su daban don kada manya su ture su daga kwano.

Mu tuna ranar barbara, mu ƙirga watanni da yatsun hannu ɗaya. In an kai yatsa na 4, lokacin buɗe harawa ya yi. Allah ya sa albarka a garkenmu.