Busasshen Tari: A Sha Zuma, Amma A Ƙirga Kwanaki

'Yan'uwa mazauna Kudu, ga saƙo daga Gwantu. A nan, da hunturu ya kama sai busasshen tari ya bi gida-gida. Maganinmu sananne ne: cittar Kwoi ko Kachia, da zuma, da lemun tsami cikin ruwan zafi. Na san har a Ikko da Badun kuna haɗa shi.

To, yana magani? Zuma kam ta ci jarrabawa. A 2018 masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi wa yara, suka ga tana sassauta tari. Amma kada a ba jaririn da bai shekara ba, tana iya sa masa muguwar cuta. Citta kuwa tana ɗumama maƙogwaro, sai dai hujjarta ba ta kai ta zuma ba.

Ga inda gizo ke saƙar: tarin da ya wuce mako biyu, musamman da rama ko zufar dare, yana iya zama tarin fuka, watau tibi. Zuma ba ta kashe shi. Gwajinsa da maganinsa na wata shida kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Ɗan'uwa, je a auna ka. Kada ka zo gida da Salla ko Kirsimeti ka kawo wa iyalinka tsarabar cuta.