Majigin zane, ba duka ne na yara ba

Magidanta da yawa, da sun ga zane yana motsi a talabijin ko a salula, sai su zaunar da yara gabansa su tafi sha'aninsu, wai ai wasan yara ne. To, a yi hattara.

A shekara ta 1973 wani Bafaranshe, René Laloux, ya fito da "La Planète sauvage", wanda aka zana a birnin Prag, har ya samu kyauta ta musamman a bikin sinima na Kan. Labarin wata duniya ne inda wasu ƙatti shuɗɗa masu jajayen idanu ke kiwon bil'adama kamar kyanwa, da ƙawanya a wuya. Waɗanda suka tsere suka hayayyafa kuwa, hayaƙin guba ake turara musu, sai ka ce ana yaƙi da fara. Tun buɗewar majigin, ga wata uwa rungume da jinjiri tana gudu, ƴaƴan ƙattin na wasa da ita har ta mutu. Babba ma, in ya kalla da dare, barci sai ya yi masa wuya, balle ɗan shekara 6.

Zanen da aka yi don manya kuwa ba baƙo ba ne a Nijar. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya zana "Bon voyage Sim" tun 1966: shugaban ƙasar kwaɗi ne ya tafi ziyarar aiki, da jirgin sama da faretin girmamawa. Yara kwaɗin suke yi wa dariya. Ma'aikacin da ya taɓa wuni cikin rana yana jiran tarbon baƙon gwamnati, shi ya san da wa ake.